Filin Lakwal da Lafiyar Ɗiyanmu

Idan wata ya ƙare yaro ya kawo karne gida, tambayar da uba ke yi ɗaya ce: na nawa ka zo? In ya zo na ɗaya ko na uku a sa masa albarka, in ya zo na arba'in a nemo bulala. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina riƙe da alli, tun daga makarantun ƙauye na ƙasar Damagaram har zuwa na cikin birnin Maraɗi, kuma iyaye sun zo mini da kuka iri-iri: littafi ya ɓace, an bugi yaro, yarinya ba ta iya karatu ba, an cika tambayar kuɗi. Amma ban tuna ranar da wani uba ya tsaya bakin aji ya tambaye ni ko ɗansa ya yi gudu a cikin makon ba. Ga shi kuwa mu ne mutanen da ba mu fara magana da safe sai mun tambayi lafiya, mu ne muka ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ita. A kan wannan nake so mu tattauna yau, domin abin da ya sami jikin yaro tsakanin ajin CI da na CM2, shi zai ɗauka har tsufansa.

A cikin takardar tsarin lokaci da ke manne a bangon kowane aji akwai gurbin motsa jiki, wanda muke kira EPS. Darakta ya sa hannu, mai duba makarantu ya gani ya amince. Sai dai duk wanda ya san cikin lakwal ya san wannan gurbi shi ne kazar da ake yankawa duk sa'ad da baƙo ya sauka. In an yi yajin aiki karatu ya koma baya, da lokacin EPS ake ramawa. In jarrabawa ta matso, da shi ake ƙara dikte da lissafi. In rana ta yi zafi, a ce a bari sai gobe. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Mushe guda yana da yara tamanin ko ɗari a gabansa, ba shi da ƙwallo, ba shi da igiya, sau da yawa kuma ɗan kwantaragi ne da aka ba horo na ɗan lokaci, ba a taɓa nuna masa yadda ake fitar da yara ɗari fili a maido su ba tare da an fasa wa wani kai ba. Ya kuma san da dikte da lissafi za a auna ƙoƙarinsa. Haka yaro zai wuni zaune, su huɗu ko biyar bisa bencin da aka yi don mutum biyu, ko a ƙasa bisa tsohon buhu, ƙafafu a tanƙwashe, baya a duƙe.

Me likitoci suka ce? Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, a cikin shawarwarin da ta fitar a shekarar 2020, ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 kowace rana na motsin da ke sa zuciya ta ƙara bugawa, numfashi ya ɗaga. Ta ƙara da cewa aƙalla kwana 3 a mako a haɗa da motsi mai ƙarfi, irin gudu da tsalle da hawa, wanda ke gina tsoka da ƙashi. Ba lalle ne a yi mintocin nan a haɗe ba, abin da aka yi da safe da abin da aka yi da marece duk ana tara su. Hikimar abin ita ce, zuciya ita ma tsoka ce, da aiki take ƙarfi. Ƙashi kuma yana ƙara kauri ne idan ana dira a kansa, kuma mafi yawan ƙarfin ƙashin mutum kafin ya kai shekara 20 ake tara shi, tamkar rumbun da ake cikawa da kaka a yi ta ɗiba har wata damina. Jikin da ke motsi ya fi iya sarrafa sukarin da ke cikin jini, ya fi samun barci mai nauyi, mai barci mai nauyi kuwa shi ke tashi da kai garau. A shekarar 2019 masanan wannan hukuma sun bayyana sakamakon bincike a kan yara miliyan 1 da dubu 600 na ƙasashe 146, ƴan shekara 11 zuwa 17, inda suka tarar kashi 81 bisa 100 ba su samun motsin da ya ishe su: kashi 85 a wajen ƴan mata, kashi 78 a wajen maza. Wanda bai saba da gudu yana ɗan shekara 8 ba, da wuya ya fara shi yana ɗan 15. Ga kuma yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, a sashenta na 31 ta jera wasa da hutu cikin haƙƙoƙin yaro, kafaɗa da kafaɗa da ilimi da magani.

Tun kafin in karanta waɗannan bayanai, aji ya riga ya koya mini su. A makarantun ƙauye ƙararrawarmu tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da ake ratayewa a reshen bedi. Da ƙarfe tara da rabi ta wuce, mushe ba ya bukatar agogo, fuskokin yara sun isa: wannan na hamma, wancan na mintsinin maƙwabci, na baya ya kifa kai, kana magana tana bin iska. Ana kaɗa ƙarfen nan na hutun ƙarfe goma, wanda yara ke kira rekre, sai ka ga sun fashe kamar an buɗe garke. Ƙura ta tashi, ƙwallon tsumma ya fito daga inda aka ɓoye shi, ƴan mata su ja da'ira su kama gaɗa. Bayan rabin awa su dawo da gumi, su sha ruwa, su zauna. Wannan sa'a da ke biye, ita ce na saba ajiye wa darasi mafi wuya, rabawa ko ƙa'idar nahawu, domin a nan ne nake samun idanunsu duka. Yaron da ya zubar da ƙaiƙayin ƙafarsa a fili ya fi sauƙin zama da wanda aka tsare. Na kuma lura filin wasa yana nuna wa mushe abin da allo ba ya nunawa. Yaron da ke cikin masu gudu jiya, yau ya raɓe gindin icce, to a taɓa goshinsa, sau da yawa zazzaɓin cizon sauro ne ya fara. Wanda kullum in ya yi taku goma sai ya tsaya yana haki, a duba cikin idonsa da tafin hannunsa, in sun yi fari a aika shi likita, jini ne ya yi kaɗan.

Na san wani mai karatu zai ce: Malam, wace irin magana ce wannan a Nijar? Yaron da ke tafiyar kilomita 4 ko 5 kafin ya iso lakwal, ya koma ya yi kiwo, ya ja ruwa, ya yi icce, da damina ya bi uba gona, shi ne za a ce bai motsa ba? Mai wannan magana yana da gaskiya babba, kuma saboda ita ne nake cewa ɗiyan lakwal a ƙasarmu kashi biyu ne, ciwonsu ba ɗaya ba.

Ɗan ƙauye yana motsi, har ya wuce kima. Tafiyarsa ta ƙasa alheri ce ga zuciyarsa. Amma bido mai lita 20 nauyinsa kilo 20 ne, kuma ana aza shi bisa wuyan yarinyar da ita kanta ba ta fi kilo 25 ba, safe da marece. Wannan aiki yana danne jiki ta gefe guda, kullum tsoka ɗaya, kullum gaɓa ɗaya. Wasa shi ke warware abin da aiki ya ɗaure, shi ke koya wa ƙafa da ido da hannu tafiya tare, kuma a cikinsa kaɗai yaro ke motsi don jin daɗin kansa. Babbar matsalar ɗan ƙauye kuwa ciki ce. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Shekaru da dama binciken abinci na nuna sama da kashi 40 bisa 100 na yaran Nijar ƴan ƙasa da shekara 5 tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, kuma su ne ke shigo mana CI. Da bazara, in rumbu ya yi ƙasa, na sha ganin yaro ya yanke jiki ya faɗi a layi lokacin ɗaga tuta, in ka bincika ka tarar tun tuwon daren jiya bai sa komi a baki ba. A shekarar 2005, ta yunwa, na ga fili ya yi tsit da ƙarfe goma, yara zaune a inuwa ba mai ko tsokanar wani, kuma ban taɓa jin shiru mai ban tsoro irin wannan ba. Wanda ya ce wa irin waɗannan yara su zagaya fili sau uku ya zalunce su. A inda aka sami kantin, aka dafa ko da kunu ne ko shinkafa da wake, ba ka bukatar ka ce a yi wasa, da kansa yake dawowa.

Akwai kuma masu satar ƙarfin yaro daga ciki: tsutsar ciki da tsargiya. Iyo a tabki motsa jiki ne mai kyau, amma a ruwan da ke kwance ake ɗaukar tsargiya, wadda ƙwayarta ke girma cikin ƙananan katantanwa ta shiga ta fata. A wasu ƙauyuka har ana ɗaukar fitsarin jini alamar yaro ya zama namiji, alhali jininsa ne ke zuba, mafitsararsa na rauni. Tun 2004 aka fara rabon maganinta a makarantun Nijar, ana auna tsawon yaro da sanda a ba shi adadin ƙwayoyin da suka dace da shi. Uban da ya hana ɗansa haɗiyar maganin nan saboda jita-jita, ya san da ƙarfin ɗansa yake caca.

Ɗan birni nasa ciwon daban ne, kuma a gaban idona ya tsiro. Da can yaron Maraɗi ko Tawa da ƙafa yake zuwa lakwal, sau huɗu a yini. Yau a gidaje masu ɗan hali, a bisa babur ake ɗaukarsa daga ƙofar gida a sauke shi ƙofar aji. Ya dawo ya ci abinci, sai makarantar allo ko Islamiyya, can ma zaune, daga nan sai mai koyarwa na gida, da dare kuma talabijin ko wayar uwa. Ko ɗaya daga cikin karatun nan ban raina ba. Amma a lissafa sa'o'in, za a ga yaron ya yi zaman da ko magatakarda a ofis bai yi ba, da dala goma ta alawa da lemon kwalba a aljihu. Ciwon suga da hawan jini, waɗanda da muke kira ciwon manyan alhazai, a irin wannan zama suke kafa saiwa tun ana ƙarami. Ido ma yana da rabonsa. Likitocin ido sun gano hasken waje yana kare yaro daga raunin gani na nesa, shi ya sa a ƙasar Taiwan, tun 2010, aka umarci makarantu su riƙa fitar da yara waje har minti 120 a rana, aka kuma ga matsalar ta fara ja da baya. Mu da Allah ya ba rana kyauta, muna tsare yara a ɗaki gaban gilashin waya.

Ko sun so gudu ma, a ina? Filayen unguwa da muka yi ƙwallo a cikinsu an yanka su fuloti-fuloti. Filin lakwal na gwamnati, da yara suka yi yawa, an cika shi da azuzuwan zana, har babu inda za a ja layin tsere. Gobarar da ta ci irin waɗannan azuzuwa a Yamai a watan Afrilun 2021, da ta Maraɗi a watan Nuwamba na wannan shekara, waɗanda kowace ta ɗauke ran yara ashirin ko fiye, sun nuna mana farashin cunkoso ta hanya mafi zafi. Ga kuma makarantu masu zaman kansu da ake buɗewa a gidan haya, ɗaki shida da tsakar gida da ba ta fi shimfiɗar tabarma goma ba. Uba zai biya jikkuna masu yawa, ya duba fenti da fanka, bai duba ko akwai inda ɗansa zai yi taku ashirin da gudu ba.

Wadda aka fi cuta a duk wannan ita ce ɗiya mace. A CI da CP ba ka bambanta ta da namiji wajen tsalle, sau da yawa ma ita ke gaba. Tana shiga CE2 sai a fara ce mata ke budurwa ce, ki natsu. Lokacin rekre maza su mamaye tsakiyar fili da ƙwallo, ita tana gefe da farantin tallan da uwa ta ɗora mata, ko tana sharar aji. Da marece wanke-wanke da raino. Alhali ƙashin da take tarawa yanzu da shi za ta ɗauki ciki ta yi goyo, da shi za ta tsufa. Masu jin tsoron rashin kunya su tuna malamanmu sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha. A wata makarantar da na yi aiki, wata madam ta ware wa ƴan mata gefe guda bayan azuzuwa, da hijabinsu da wandonsu ƙarƙashin zane, ta sayo igiya ta dala ashirin ta yanka biyar. Uwayen da suka fara gunaguni, daga baya su ke tsayawa bakin darni suna ƙirga wa ɗiyansu tsalle.

Wani abin da ke kashe wa yara son motsi shi ne maida shi horo. Wanda ya makara a ce ya yi tsallen kwaɗo, wanda ya yi surutu a ce ya kama kunne ya yi ta tashi da zama, wanda bai iya karatu ba a ce ya zagaya fili da tsakar rana. Yaron da ya girma a haka, gudu a wajensa abin kunya ne da ake sa mai laifi. Mafi muni shi ne hana yaro fita rekre don ya cika ƙiriniya, domin an hana shi maganin ciwon da ake kuka da shi.

In an zo batun kayan aiki, sai a ce babu kuɗi. Ni kuwa ina cewa da tsohuwar zuma ake magani. A dubi langa. Yaro ya kama ƙafa ɗaya da hannu, ya tsaya bisa ɗaya, ƙungiya biyu su fuskanci juna, a zaɓi guda a ce shi ne ruwa, ƴan uwansa su kare shi har ya kai gida, abokan gaba na neman ture shi, duk wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi ya fita. A cikin wasan nan guda akwai dira mai ƙarfafa ƙashi, akwai haki mai buɗe ƙirji, akwai koyon tsayuwa ba tangaɗi, akwai dabara da taimakon juna, kuma ko tamma ba a kashewa. Haka gaɗa, haka tsallen igiya, haka ƴar gala-gala da ake zanawa a ƙasa, haka gare da ɓoyo. Kokowa kuwa ba sai an faɗa ba. Tun 1975 da aka fara gasar takobin ƙasa a Tawa, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, har zuwa zamanin su Salma Ɗan Rani da Kadade da Balla Haruna da Isaka Isaka, babu ɗan kokowar da aka haifa a fage, dukansu a rairayin ƙofar gida suka fara, da sa'o'insu. Isaka Dabore ya kawo wa Nijar lambar tagulla ta dambe daga wasannin Olimpik na Munik a 1972, sai da aka shekara 44 kafin Abdurrazak Isufu Alfaga ya kawo ta azurfa a tekwando daga Riyo a 2016. A ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, Allah kaɗai ya san zakarun da ke zaune bisa buhu ba a taɓa ganin gudunsu ba. Amma zakara ɗaya ne cikin dubu, sauran ɗari tara da casa'in da tara lafiyarsu muke nema.

Sai dai a yi da hankali, domin ƙasarmu tana da nata hali. A watannin Afrilu da Mayu zafi na kai awo 45, saboda haka motsi mai ƙarfi da sanyin safiya ake yin sa, kafin rana ta ɗaga, kuma randar ruwa mai murfi ta kasance kusa, a sha kafin a fara, a sha bayan an gama. Ranar da hazo ya rufe gari a sassauta, musamman ga masu fuka. Yaro mai ciwon sikila, wanda muke kira emasi, kada a ware shi, kada kuma a matsa masa: ya yi daidai ƙarfinsa, ya sha ruwa da yawa, ya huta sa'ad da ya ce ya gaji. A share fili daga ƙaya da fasassun kwalabe da ƙusa, tunda da yawa ba su da takalmi. A dasa itace a kewaye, a ba kowane aji nasa ya riƙa ban ruwa.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinmu ba. A 2012, a garin Sitalin na ƙasar Sikotilan, wata shugabar makarantar firamare ta ga yaranta ba su iya zagaya fili ba tare da haki ba, sai ta sa kowane aji ya riƙa fita minti 15 kowace rana, a yi gudu ko sassarfa, da tufafin da ke jiki, ba gasa, ba maki. Dabarar ta bazu zuwa ƙasashe da dama saboda ba ta cin kuɗi. Kowane darakta a Tasawa ko Madawa ko Magarya yana iya yin haka gobe bayan ɗaga tuta. Abokan aikina malamai su bar wa EPS lokacinsa, su daina hana yaro rekre. Kwamitin kula da makaranta, wato COGES, ya sa igiya da ƙwallo da randa cikin lissafinsa na shekara, ya kuma tsaya a kan iyakar filin lakwal kada a ci ta. Hukumomin gari, in za a yanka sabuwar unguwa, a bar wa yara fili kamar yadda ake barin na kasuwa da na masallaci, kuma kada a ba makarantar da ba ta da tsakar gida izni. Makarantun horon malamai su koyar da langa da gaɗa kamar yadda suke koyar da lissafi. Iyaye kuma, ko kunu ne a ba yaro kafin ya fita, a rage wa ɗiya mace nauyin bido, a karɓe waya daga la'asar zuwa magariba a ce su fita ƙofar gida.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, jikin yaro kuma amana ne a hannun uba da uwa da mushe. Allah shi raya mana ɗiyanmu cikin lafiya, shi ba mu ikon sauke amanarsu.